Gyaren da Ke Kunnen Zakariya Mai Injin Niƙa

A shekarun da ake kiran Suleja da suna Abuja, kafin gwamnati ta ari sunan ta ƙi mayarwa, duk macen da ta taɓa kai niƙa bakin kasuwa ta san Zakariya. Daga wajen Zonkwa ya zo, ya kama aikin inji, ya auri Rebeka, ya zauna. Ranar Lahadi shi ke ɗaga waƙa a coci, kuma in kana neman rigima da shi, ka ce wani ya fi shi murya.

Injin da ya ciyar da shi, shi ya saka masa gyare a kunne, wata siririyar ƙara da ba ta hutawa. Abin haushin, in zai ɗaga waƙa sai ya bi muryar gyaren, ya kafa ta can sama. Mata su yi ta miƙa wuya, maza su sunkuyar da kai. Dattawan coci suka fara ƙus-ƙus, wai gara a ba wani ɗan cocin, Markus, waƙar.

Rebeka ta tisa ƙeyarsa zuwa asibiti. Can akwai Sista Nwamaka da takardar tambayoyi da likitan kunne ya aiko daga Kaduna. Wanda amsarsa ta nuna abin ya tsananta, a tura shi wurin likitan.

"Baba, ƙarar tana hana ka barci?"

"Da sauƙi."

"Tana hana ka jin magana?"

"Mun gode Allah."

Yo ina aka taɓa ganin magidanci ya zauna gaban 'yar mutane yana zayyana ciwonsa? Zakariya ko ƙafa aka yanke masa, da sauƙi zai ce. Sista ta ba shi ƙwayoyi, bayan wata guda ta sake jera masa tambayoyin, ya sake jera mata sauƙi. Baiwar Allah ta yi murna, ta rubuta ya warke.

Rebeka ta ce da wa Allah ya haɗa ta! Ba ta yi musu da kowa ba, ta dai gayyaci Sista cocinsu. Ran nan Zakariya ya kafa waƙar da ta sa wata tsohuwa tari har aka fita da ita.

Washegari Sista ta sa aka kira shi, ya zo tare da Rebeka, ta ce, "Baba, yau ba jikinka nake tambaya ba. Gyaren nan da ke zaune da kai, wane irin maƙwabci ne? Yana barci?"

Zakariya ya gyara zama. Kukan ciwo abin kunya ne, amma gulmar maƙwabci ai ba laifi.

"Wa? Wannan ɗan banzan? Ba ya barci, ba ya barin wani ya yi! In Rebeka na magana sai ya tsoma baki. Ko addu'a nake, yana nan yana tsiyarsa."

Alƙalamin Sista har gudu yake yi. Tana danne dariya ta ce, "To me ya fi ba ka tsoro game da shi?"

Zakariya ya daɗe yana duban garin dawar da ke farcensa.

"'Yata, in ina waƙa da jama'a ne kawai ba na jinsa. In dattawa suka ƙwace mini ita, daga ni sai shi."

Dariyar ta ɗauke. Rebeka ta juya tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba.

An tura shi Kaduna. Likita ya ce gyaren ba zai tashi ba, sai dai a riƙa toshe kunne a bakin inji kada ya tara 'yan'uwa. Waƙa kuwa ba a ba Markus ba. Tun daga lokacin Rebeka ta dawo bencin gaba, ita da ba ta taɓa son zaman gaba ba. Kafin mijinta ya buɗe baki sai ta ɗan yi gunjin farkon waƙar, shi kuma ya ɗauka daga nan yana hura hanci. Cocin duka sun san Rebeka ce ke kafa waƙar, kuma har ya tsufa ba wanda ya faɗa masa.