Turken Siminti a Gonar Albasata

Ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba wasu maza uku suka zo Sabiyal a mota, suka tsaya a gonar albasar da na gada wurin ubana. Suka kafa turken siminti a bakin iyakata da ɗan baffana, suka ɗora masa wani faranti mai ƙafa uku. Babbansu, mai gilashi, ya ce wai akwai tsaga a duwatsun ƙarƙashin ƙasa, farantin nan yana magana da tauraron ɗan'adam, ko da ƙwayar gero ƙasa ta gusa za su sani. Na ce to, Allah shi ba da sa'a.

A wurinmu duk abin da gwamnati ta kafa a gona shaidar iyaka ne. Ɗan baffan nawa, ƙato mai gemu har ƙirji, ya jira na tafi kasuwar Jega, ya tone turken, ya turo shi taki huɗu cikin gonata, ya dasa albasa a wurin. Na kai ƙara, dattawa suka ce dutsen gwamnati ba ya ƙarya. Mazan banza!

Da shekara ta zagayo masu farantin suka dawo. Suka duba na'ura, suka dubi juna, mai gilashi ya juyo wurina.

Ya ce, "Inna, kin ji girgiza bana? Ƙasar nan ta yi tafiya!"

Na ce, "Ta yi, Malam. Ga wanda ya goya ta can, shina shan fura gindin mangwaro. Duk bokonga naka ba ka ga simintin da sabuwar ƙasa ba?"

Suka fara tattara kaya, wai su ba alƙalai ba ne, aikinsu ya lalace. Lokacin ina aji biyu na yaƙi da jahilci, na iya lamba. Na riƙe ƙafar farantin, na ce lambar bara tana cikin littafinku, na gan ta, ba mai tafiya sai taurarinku sun nuna mini ramin farko.

Sai da suka yi ta ja da baya da abin har la'asar, gaban dattawan. Inda ya tsaya aka sa fartanya, sai ga ɓarɓashin tsohon siminti.

Albasar da ya dasa a taki huɗun nan ni na cire ta. Ban ba shi ko lawashi ba.