Ranar Da Muka Yi Wa 'Yan Brooklyn Guɗa

Ku matso kusa ku ji, don maganar nan ba a ɗaga murya da ita a gidanmu. Har yau idan aka taɓo ta, maigida sai ya miƙe ya ce zai je ya duba inda ya ajiye mota.

Ni macen ɗaka ce. Tun da aka kawo ni unguwar Mount Hope da ke Bronx daga Kumasi, in ba asibiti ba ko suna ko ta'aziyya, ƙafata ba ta wuce shagon kwanar layinmu. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Ina kicin nakan gane wanda ya shigo benenmu ta yadda ya saki ƙofar ƙasa. Shi ya sa duk shekarun da maigida ya yi yana buga ragbi ban taɓa zuwa fili ba, kuma ban taɓa tambayarsa wa ya ci ba. Idan sun ci, yana hawo matakala yana kaɗa makullai. Idan an ci su, sai in ji ƙafa ɗaya tana jan ɗaya, in ɗora ruwan zafi.

Direban tasi ne. Wani Bature ɗan Ostireliya ya taɓa ɗauka, mutumin ya zauna a baya yana kallon wuyansa tun daga Harlem har Bronx, da zai sauka ya ce mai irin wannan wuya bai kamata ya ƙare a bayan sitiyari ba. Ashe ɗan ragbi ne, ya ja shi ƙungiyarsu. Nan aka samo mana wahala. Ragbin ma iri biyu ne, nasu shi ne na mutum goma sha uku, suna kiransa lig. Idan ka haɗa shi da ɗayan sai su ɓata rai kamar ka zagi iyayensu. Ƙwallon kamar gwanda. Gaba ake son zuwa amma baya ake jefa ta. Idan an kayar da mutum, sai ya tashi ya tura ta ta tsakanin ƙafafunsa kamar kaza ta saki ƙwai. Ni ce mai wanke rigunan, don haka na san wasan ta ciyawa da jini.

Ƙungiyarsu tana rukunin ƙasa, can ƙasan da babu wani a ƙarƙashinsu sai ciyawar. 'Yan kallonsu kuwa an san su da fuska: budurwar ɗan Ostireliyan, wanda shi ne kyaftin, da wani tsoho mai kare, da 'yan Bangaladash masu wasan kurket. Su ma na ƙarshen ba kallo suke ba, jira suke a ba su fili. Abokan gabarsu 'yan Brooklyn ne, can ɗaya gefen birnin. Waɗannan suna alfaharin sun fi su jama'a, amma maigida ya rantse mini filinsu a jikin tashar bas yake, duk wanda ya tsaya jiran mota sai su lissafa da shi.

A shekarar da nake ba ku labari, lokacin da tasin da ake kira ta waya suka fara cinye wa su maigida kasuwa, wata ƙungiya a rukunin sama ta watse. Gurbi ɗaya ya buɗe. Namu da 'yan Brooklyn suna kunnen doki, wasan ƙarshe kuma tsakaninsu ne, a filinmu, bayan ƙaramar salla. Sai manyan gasar suka ce cin wasa kaɗai ba zai isa ba, suna son ƙungiyar da take da mutane a bayanta, kuma za su turo wakili ya gani da idonsa.

Maigida ya doshi arba'in, gwiwarsa ta dama tana ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya san kakar wasansa ta ƙarshe ke nan ko ta kusa da ƙarshe. Burinsa bai wuce ya shiga bas da ƙungiya a tafi Boston ko Philadelphia, ya buga a rukunin sama ko da sau ɗaya ne, ya samu abin faɗa wa jikoki. Ya same ni ina tsintar shinkafa, ya zauna a kujerar da ba ya zama, ya ce duk sunan da na yi a gidan nan mata ba sa samun wurin ajiye takalmi, in taimaka in cika masa fili.

Na ɗauki waya na shiga tura saƙon murya. Kowacce sai ta tambaya wa ya haihu. Na ce ba haihuwa ba ce, mazan nan ne za su yi kokawa da ƙwallo, amma akwai shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan namu, akwai ƙosai, akwai zoɓo. Nan take aka fara tambayar wane jirgin ƙasa ake hawa.

To, a lokacin surukata Hajiya tana gidan. Ta zo daga gida ta yi mini zaman jego, ba ta koma ba. Maigida shi ne ɗanta na fari, ita kuma tsohuwar ajiya ce. Ba ta taɓa kama sunansa ba. Idan ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. Idan tana son a ba shi abinci sai ta ce mini, a miƙa wa wancan. Ya ce mini a asirce a bar ta a gida, rana za ta dame ta. Ashe ba ni kaɗai ce mai kunne a gidan ba. Ranar wasa ita ta fara saka mayafi.

Mun cika tarago guda da kuloli da tabarmi da kekunan jarirai. Daga University Heights wasu suka shigo, 'yan Harlem suka tarar da mu a can. Da muka sauka a ƙarshen layi muka doshi filin, tsohon nan mai kare har miƙewa ya yi, yana zaton an canja wa wurin aiki.

Rana ta take. Gefen namu ba ko inuwar sanda, ɗaya gefen kuma manyan bishiyoyi. Ba sai na faɗa muku inda muka shimfiɗa tabarmi ba. Kyaftin ya taho a guje, fuskarsa ja, yana nuna mana cewa nan wurin baƙi ne, mu koma can. Babbar 'yata ta fassara wa Hajiya. Hajiya ta dubi can ɗin, ta dubi jaririn da ke cinyata, ta ce a tambaye shi ko a garinsu ana shanya mai jego. Ya juya ya tafi.

Matan suka ce su fa ba su san wasan ba, kada su yi guɗa a inda ake kuka. Muka shirya cewa idan na ɗaga hankici, a saki. Mai jan guɗar wata Bamaraɗiya ce da ke kitso a Harlem, wadda ta taɓa rangaɗa ta a wani biki har maƙwabta suka leƙo neman inda gobara ta tashi.

Sai ga 'yan Brooklyn sun zube jakunkunansu kusa da tabarminmu, suna haki, jirgi biyu suka hau kafin su iso. Hajiya ta tambaye ni su waye. Na ce su ne abokan gabar. Ta ce ba wannan ta tambaya ba, daga ina suke. Na faɗa mata.

"Daga wannan uwa duniya? Kuma kun zuba musu ido? 'Yar nan, buɗe kula."

Aka buɗe. Ƙattin nan suka sha zoɓo, suka ci ƙosai, namu suna tsallake cikin rana suna haɗiyar yawu. Su ai 'yan gida ne, nasu yana nan sai an tashi. Wani mai jan gashi a cikin baƙin ya durƙusa har ƙasa ya karɓi kofi daga hannun Hajiya, don tana zaune a tabarma shi kuma dogo ne. Ta ce wannan daga gani ɗan mutunci ne, uwarsa ta yi aiki. Wakilin manyan gasar, wani gajere mai hular rana, shi ma inuwar ya biyo. Aka cika masa faranti. Yana ci yana ɗaukar mu hoto da waya.

Aka busa usur. Karon farko da aka yi, wata dattijuwa ta miƙe za ta shiga rabo, da ƙyar aka riƙe ta. Ba a jima ba mai jan gashin nan ya kufce, ya ruga ya kifa da ƙwallon bayan layi, wanda shi ne cin wasan. Ya taso yana murna, ya dubi inda ya sha zoɓo. Hankicina yana dunƙule a hannu, ban motsa ba. Hajiya ta juya wajen Bamaraɗiyar.

"Yaro ya yi abin kirki a garin mutane, ba za a yi masa ba?"

Wa zai musa wa Hajiya? Bamaraɗiya ta kama hanci. Tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Sauran mata suka ɗauka, yara suna buga murfin tukunya. Tun da aka kafa ragbi a Brooklyn ba a taɓa yi musu irin wannan ba. Na hango maigida a tsakiyar fili, hannu a ƙugu, yana kallonmu.

Da namu suka rama ta hannun wani ɗan Jamaika, na ɗaga hankici har kafaɗata ta yi ƙara. Amma la'asar ta yi, Bamaraɗiya da rabin matan suna bayan bishiya sun ta da salla. Abin da aka samu tafi ne na mutum kaɗan, irin na taron makaranta. Baƙi suka ƙara ci, aka ƙara yi musu, don an riga an saba. Namu suka biyo su da bugun ƙafa, wanda matan suka ce wannan ba ci ba ne tunda ba wanda ya faɗi.

Wasa ya zo ƙarshe, baƙi suna gaba da kaɗan. Sai ƙwallo ta faɗo hannun maigida kusa da layi, ta gefenmu. Ban taɓa ganinsa haka ba. Mutum uku suka rataye a jikinsa, ɗaya a wuya, biyu a ƙafa, yana tafiya da su kamar mai dakon buhuna a kasuwar Kumasi. Ina jin ƙarar gwiwar daga inda nake. Ya faɗi da su duka a bayan layi, a gaban tabarmarmu. Alƙalin wasa ya ɗaga hannu. Mun ci.

Ya ɗago kai, ciyawa a baki, ya dube ni. Matan nan kaf suka dubi hannuna. Bamaraɗiya ta riga ta kama hanci, jira take. Hajiya kuwa, da kafaɗarta ke gogar tawa, ta kau da fuska, ta zuba wa 'yan Bangaladash ido kamar ta san kurket tun tana yarinya. Uwar da ta haife shi ta ɗauke kai, ni matarsa in ɗaga ƙyalle a gabanta in ce a yi wa mijina guɗa? Ni da ko sunansa ban taɓa kamawa a gabanta ba? Hankicin ya zauna inda yake. Filin ya yi tsit. Karen tsohon nan ne kawai ya yi haushi, Allah ya saka masa.

A cikin shirun nan kunnena ya kamo wani abu. Hannun Hajiya yana ƙarƙashin mayafi, a kan hancinta. Wata 'yar siririyar guɗa ta fito, ba ta fi kukan sauro ba. Sannan ta ce wa mayafin, ba ni ba, "Haka ubansa yake. Ba a tare shi."

Da aka tashi, matan suka ga baƙi sun yi jugum, tausayi ya kama su. Aka ƙulla musu sauran ƙosai a leda, aka ba su haƙuri, aka raka su da guɗar sallama har bakin titi. Wakilin yana biye yana hoto.

Bayan 'yan kwanaki na ji ƙafa ɗaya tana jan ɗaya a matakala, alhali ba a yi wasa ba. Manyan gasar sun ba 'yan Brooklyn gurbin. Sun ce ƙungiyar da za ta kwaso jama'a haka ta ratsa gari da su zuwa filin wasu, har da abinci da kiɗa, ita ake nema a sama. Kyaftin ya yi ta rantsuwa cewa matan namu ne. Suka nuna masa hotuna, suka tambaye shi me ya sa matansu suka yi shiru da aka ci musu wasa. Har gida ya zo in yi masa bayanin da zai kai. Na ce kara ce da kunya. 'Yata ta juya maganar a baki ta juya, ta ce ita ba ta san Turancinta ba, ta gaya masa kawai kakarta ba ta son hayaniya. Ya dubi Hajiya, wadda da izininta aka kori tsuntsayen fili guda, ya sha zoɓonsa ya tafi.

'Yan Brooklyn sun hau, aka yi ta lallasa su mako bayan mako a gaban masu jiran bas. An ce har tambayarsu aka yi ina matan nan nasu. Maigida bai ƙara bugawa ba, gwiwar ta ƙi. Hajiya ce ta narka man kaɗanya da kanta a ranar da labarin ya zo, ta miƙo mini ta ce a kai wa mai ƙwallon. Wannan ne mafi kusa da suna da ta taɓa ba shi.

Ina shafa masa na faɗa masa abin da na ji a ƙarƙashin mayafi. Sai ya ce guɗar da kunne ɗaya ya ji ba ta hawar da ƙungiya. Amma har yau, bayan Hajiya ta koma gida, yakan bari sai yara sun fita ya ce in maimaita masa yadda ta ce. In maimaita. Sai ya gyara zama ya ce duk da haka da na ɗaga hankicin, da ya ga Boston.

Ni kuma na ce da na ɗaga, Bamaraɗiya ta rufe filin da murya, wa zai ji ta sauron? A nan muke tsayawa kullum, shi ya tafi duba mota. To ku da kuka ji komai, in ku ne zaune a tabarmar nan, kafaɗarku tana gogar ta Hajiya, za ku ɗaga?