Mataccen Shahon da Na Kai Dubai

Talata: Kano zuwa Dubai

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Gwammaja a adaidaita, rungume da zanen shaho da na yi wata uku ina yi. A filin jirgi jami'in kwastam ya warware shi, ya ce, "Malam, wannan ai saura kaɗan ya tashi." Kaina ya ƙara girma.

Bulus ne ya kira ni, tsohon maƙwabcina a Zariya, kafinta mai haɗa firam a wani shagon zane-zane a unguwar Al Quoz ta Dubai. Maigidansa Balarabe ne mai kiwon shaho, yana neman mutum ɗaya da zai zana masa tsuntsayensa a littafi. Bulus ya ce masa ya san gwani.

Muka yada zango a Addis Ababa awa uku. Na sauka Dubai, Bulus ya kai ni ɗakinsu a Satwa, su shida a ciki. Ya saya min shinkafar biryani ta dirhami goma, ya bar min gadonsa.

Laraba: Al Quoz

Tasi ta kai mu cikin minti ashirin. Bangon shagon cike yake da tsofaffin zanen Turawan da, na shaho da gaggafa da mikiya, an buga su an shafa launi da hannu, takardar duk ta yi ja. Daga irinsu na kwafo nawa, gashi bayan gashi.

Maigidan ya shigo da shaho a hannu. Ya daɗe yana duban zanena, sannan ya yi magana, Bulus ya ƙi fassarawa sai da na matsa.

"Malam Habu, wai hannunka na da kyau, amma tsuntsun matacce ne."

Ashe yawancin masu zanen da, gawa ake kawo musu, an cusa mata auduga. Shi ya sa wuya ke sanƙarewa, ƙafa ba ta kama reshe. Ni kuma na kwafo har mutuwar.

Maigidan yana juyawa idonsa ya faɗa kan wani yagaggen kwali a teburin Bulus. Ashe kullum aka ɗaure shahon a shagon, Bulus kan zana shi da fensirin kafinta yana jiran gam ya bushe.

"Khalas, habibi," in ji Balaraben ga Bulus, wato magana ta ƙare. "Kai za ka yi."

Shekara huɗu na yi a makarantar zane. Bulus ko aji bai taɓa shiga ba. Na ji kyashi har bakina ya yi ɗaci, kuma abin da ya fi ci min rai, kwalin ya fi nawa.

Alhamis: Naif

Bulus ya bi ni kasuwar Naif yana ba ni haƙuri kamar ya yi laifi.

"Wallahi don kai na yi maganar."

"Ai hassada ga mai rabo taki ce," na ce, ina dariyar yaƙe. Ya saya wa matata takalmi. Na ce lambar ba tata ba ce, alhali tata ce.

Juma'a: Gida

Ƙarfe biyu na rana na sauka Kano. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Bulus da gado da biryani. Barka dai har yau ta ƙi fita daga bakina.

Washegari na ɗauki fensir da kwali na tafi mayanka, inda shirwa ke sauko wa nama. Shekara ashirin ina wucewa ta wurin, ban taɓa ɗaga kai ba.