Allon Ntate Mothibi

Ntate Mothibi, wato Baba Mothibi a yarenmu, ya yi rabin rayuwarsa yana rubuta allunan tashoshin jirgin ƙasa a Johannesburg. Da ya yi ritaya sai ya dawo gefen kaskona a bakin tasha, ya ci magwinya biyu, fanken namu na nan, da shayi yana kushe man da nake suya da shi. Ni kuma in ce masa hancin da ya ƙoshi da warin fenti ba shi da ikon yi wa kowa alƙalanci.

Hannu kam akwai shi. Ya san shuɗin da ido ke kamawa daga nesa cikin hayaƙi, ya san rawayan da rana ba ta cinyewa. Shi ya sa a zamanin wariyar launin fata shi ake ba aikin ƙofofi: fari a kan shuɗi, "Turawa Kaɗai", namu kuwa baƙi a kan rawaya. Yana kan tsani zai gama rubuta ƙofar da ba shi da halin bi, ya sauko, ya saɓa tsaninsa ya zagaya ta baya. Da mulki ya juya, shi aka sake miƙa wa burushi ya shafe su. Nakan ce masa shi kaɗai ne a ƙasar nan ya ci albashin wariya zuwa da dawowa. Ba ya dariya, amma ba ya tashi.

Wannan ne abin da ya ɓoye wa jikarsa Limpho. Shi ya rene ta tun rasuwar uwarta, ya kai ta jami'a, inda ta koyo ɗaga dunƙulallen hannu da kiran duk wanda ya yi wa turawan da aiki ɗan kore. Ita dai ta san kakanta sunayen tashoshi ya rubuta. Tana kiransa saurayinta, shi kuma yana cewa ya fasa auren, amarya ta cika baki.

Da aka haƙa sabuwar tasha a ƙarƙashin ƙasa, wasu matasa masu zane da kwamfuta suka zo nemansa. Sun tsinci tsofaffin allunansa a wani sito, suna so su kwaikwayi harufansa, kuma za su kafa aikinsa a bango don girmamawa. Tsoho ya sake zama yaro. Ya zana musu harufa da hannunsa, ya yi ta faɗa da su a kan shuɗi, ya sayi sabuwar kwat, ya ce Limpho ta zo ta ga hannun saurayinta.

Ranar buɗewa na rufe kasko na bi shi da Limpho. Matakala mai tafiya da kanta ta sauke mu, ga harufansa ko'ina, a kan mafita, a gefen kibiyoyi. Yana nunawa, Limpho tana ɗaukar hoto. Sai muka sha kwana. A bayan gilashi, an haske shi da fitila, ga shuɗin allon nan na ƙofar turawa. A ƙasa an sassaƙa sunan Mothibi a jikin dutse da ruwan zinari, da hotonsa yana matashi a kan tsani, har da murmushi. Wata daga cikin masu zanen ta matso tana bayani cewa shi ne allon da ya fi kyau, fentinsa ko gezau bai yi ba. Limpho ta sauke wayarta.

"Kaka, wannan naka ne?" in ji Limpho.

"Nawa ne."

"Ka zauna, ka natsu, ka ƙawata musu shi haka?"

"'Yar nan, ban iya mummunan rubutu ba."

Ta mayar da wayarta jaka, ta shige jirgi ita kaɗai. A makon nan ta kwashe kayanta ta koma ɗakin wata ƙawarta.

Ya je ya roƙa a cire sunansa. Wani ofis ya tura shi wani, a ƙarshe aka ce dutse ne, ba a gogewa, kuma ai tarihi ne, Ntate. Bai sake sauka cikin sabuwar tashar ba. Limpho kuwa ta nan take bi zuwa makaranta, safe da yamma, ta gaban bangon nan. Kullum sai ya tambaye ni ko na ga wucewarta, ko ta waigo wajenmu. Ni kuma in ce hayaƙin suya ya rufe min ido.