Jirgin Babana a Kan Duwatsu

Ni ɗan gungu ne, wato tsibirin cikin kogi, ko da yake gungun namu yana ƙarƙashin ruwa tun ina yaro, lokacin da aka tare kogi aka kwashe mu zuwa tudu. Abin da muka fito da shi bai taka kara ya karya ba: tukwanen Inna, sai jirgin babana, wanda aka sassaƙa daga gungumen maɗaci guda. Da ya rasu jirgin ya zama nawa. Ban gaji sana'ar su ba, koyarwa nake a wata firamare a Yelwa, amma jirgin yana ɗaure a bakin ruwa, ina zuwa in kwarfe shi duk bayan kwana biyu.

Mu huɗu ne, duk 'ya'yan gungu, muka tsiri wani abu don nishaɗin kanmu. Ranar Asabar mukan sa tufafin mutanen da, mu shiga jirgin, mu kwaikwayi yadda kakanninmu ke dawowa daga su. Kuma ba mu ɗauki abin da wasa ba. Inna ce ta kaɗa zaren da mazarinta, wani tsohon masaƙi a wajen Ngaski ya saƙa mana bante da 'yar shara. Sau uku ina zuwa Shanga kafin na sami maƙerin da ya tuna yadda ake fitar da kunnen mashin kifi irin na da. Wanda duk ya zo da silifas na roba sai ya tuɓe kafin ya taka jirgi.

Akwai wani ɗan ajinmu, ɗan cikin gari, da ya sa mu gaba. Mahaukatan gungu yake kiran mu. Ya taɓa tsayar da babur ɗinsa a gaban ɗalibaina ya tambaye ni ko in bi shi gida ya ara mini wando. Yara suka yi dariya. Na haɗiye, amma ban narkar ba.

Da aka ba mu jiharmu ta Kebbi sai kowa ya tuna yana da al'ada. Aka kafa wani kwamitin biki, za a yi baƙi daga Birnin Kebbi, kuma mutumin nan shi ne sakatare. Ya zo har makaranta yana washe baki, wai wasanmu ne zai buɗe taro. Na yi murna, don wauta ba ta da magani. A zama na biyu ya ce shi zai tsaya a goshin jirgi da mashi a matsayin sarkin ruwa. Ni, in ji shi, ba ni da cikar ido, kuma Hausata tana ƙarnin kifi, don haka zan tsaya a gaɓa in riƙe igiya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Abokaina uku suka yi fushi suka janye, ya maye gurbinsu da masinjoji biyu. Ni ban janye ba, na ce in zauna in ga ƙarshensa.

Saura mako uku ya sa aka fitar da jirgin don a shafa masa fenti. Aka ɗora shi a kan duwatsu cikin wani fili mai katanga, ba inuwa, ga zafin bazara. Ya ce ba za a mayar da shi ruwa ba sai ranar biki, kada fenti ya yi dauɗa.

Duk wanda aka haifa a bakin kogi ya san jirgin sassaƙa ba ya son rana. In dole ta sa aka hau da shi tudu, sai a rufe shi da asabari, ana zuba masa ruwa safe da yamma, in ba haka ba itacen ya tsage. Na sani sarai. Kullum in na tashi daga makaranta nakan leƙa. Na ga tsagar farko kamar gashi, na ga ta buɗe har allura za ta shige, na ga mai fenti ya bi ta kai da kore ya rufe. Kalma ɗaya ce za ta ceci jirgin babana, na danne ta da haƙori.

Inna ta tare ni a tsakar gida.

"Ina jirgin ubanka? Na aika bakin ruwa, an ce ba shi nan."

"Shina hannun 'yan kwamiti, Inna."

"Tudu sunka kai shi? Ana dai zuba mishi ruwa?"

"Ana zubawa," na ce, na shige ɗaki.

Ranar biki da hantsi gaɓa ta cika. Sakataren ya fito da 'yar sharata a kan singileti, ga malafa, ga agogo a hannu, sarkin ruwan kakanninmu ke nan. Na san zurfin wurin bai wuce ƙirji ba, na auna shi da gora tun da safe, don ba ransa nake nema ba, mutuncinsa nake so ya zube. Aka tura jirgi, makaɗa suka ɗauka. Ya ɗaga mashi yana kallon mai hoto, ruwa kuwa ya riga ya rufe masa idon sawu. Masinjojin suka yar da filafilin tuƙi suna kwarfa da tafin hannu. Jirgin ya yi ƙasa a hankali, shi kuma ya saki mashi ya rungume ɗaya daga cikinsu yana salati. Matan kasuwar kifi suka kwashe da guɗa. Baƙin Birnin Kebbi suna ta ɓoye fuska a cikin babbar riga.

Ya fito yana ɗiga, ya nufo ni.

"Kai ɗan ruwa ne, don mi ba ka yi magana ba?"

"Ranka ya daɗe, ni igiya anka ba ni," na ce, na nuna masa ita a hannuna.

Ba zan yi ƙarya ba, daɗin da na ji a wannan lokacin har yau in na tuna sai na ji shi a ƙirjina. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma na ga zafin a fuskarsa.

Kashegari muka jawo jirgin gaɓa ni da abokaina. Masassaƙin da na kira ya kankare fentin, sai ga tsaga tun daga goshi har tsakiya. Ya zura yatsunsa huɗu suka fito ta ƙasa, ya ce wannan ya wuce ƙusa da tsumma, sai dai makamashi.

Inna ta zo da sandarta, ita da ta yi shekara ba ta sauko bakin ruwa ba saboda ciwon gwiwa. Ta durƙusa ta shafa gurbin da babana yake zama, inda itacen ya yi sulɓi. Ba ta dube ni ba.

"Ka sani tun hwarko?"

"Na sani, Inna."

Ta dafa gefen jirgin ta miƙe.

"To, madalla. Shi dai sakataren naku rigarshi ta bushe tun jiya da la'asar."