Ranar da Na Je Karɓo Babban Yatsana

Shekarun baya, shekara biyu bayan rasuwar maigidana, damina ɗaya kafin ruwa ya ci katangar masallacinmu na Unguwar Sarki, na yi wata wauta da har yau in na tuna sai in kalli babban yatsana in yi tsaki.

Ina da ɗa wanda ban haifa ba. Uwarsa maƙwabciyata ce, ta rasu ta bar shi da wata huɗu, ni kuma ina goyon 'yata ta uku, sai na haɗa su na shayar. To, ɗan nan nawa ya tashi ɗan daudu. Ba zan ɓoye muku ba, tunda shi ma bai ɓoye ba. Waina da kaji yake soyawa a bakin layinmu, kuma duk bikin da aka yi a unguwar nan shi ne kan tukunya. Ɗaki ɗaya suke zaune da wani tela, sama da shekara goma. Kowa ya san ba haya kaɗai ta haɗa su ba. Na yi masa faɗa irin na uwa, na yi masa addu'a, na bar wa Allah sauran.

Wata rana wani ɗan maƙwabta, ma'aikacin gwamnati, mai son a ce shi ne gaba a komai, ya yi sallama da takarda da tawada. Ya ce, "Hajiya, ta mai unguwa ce. In karanta miki?"

Nan girman kai ya kashe ni. Satin nan ana ta maganar kwatar layinmu, sai na ɗauka ita ce. Na ce, "Kai, ni da na yi shekaru ina shugabar mata a siyasa, takarda nawa na dangwala kafin a haife ka? Kawo!" Har da riƙe ta a gaban ido kamar mai dubawa. Ni da ko sunana ban iya ganewa ba. Na dangwala babban yatsana, ya tafi.

Kwana biyu sai ga ɗana da kwanon waina, yadda ya saba kowace safiya. Ya ajiye, bai zauna ba. Ya ce, "Inna, har da ke?"

Na ce, "Har da ni a me?"

Ashe takardar kora ce. Shi da telan su bar unguwa, in ba haka ba samari su fitar musu da kaya. Ranar Juma'a bayan la'asar mai unguwa zai yanke magana, kuma da aka karanta sunaye a ƙofar masallaci nawa ne na uku. Ɗan nawa ya ce, "Da na ji na kowa ban damu ba."

Wallahi ban iya cin wainar nan ba.

Kuka ba ya cin zaɓe, wannan na sani tun zamanin jam'iyya. Na ɗauko faifai da wake, kowane gida a layin ƙwara ɗaya. Na ware kashi uku: namu, nasu, da waɗanda suka sa hannu don sun ga maƙwabci ya sa. Namu ko tafin hannu bai cika ba. Na tsakiya su ne tuli. Na ce ma raina, tsohuwa, aikinki yana nan.

Ban je wurin maza ba. Sai hantsi ya yi, sun tafi ofis da kasuwa, in yafa mayafi in shiga gida gida. Kuma ban taɓa buɗe baki na ce halin ɗana daidai ne ko ba daidai ba. Ni ba malama ba ce, in na shiga nan an kayar da ni. Tambaya ɗaya nake yi: "Me ya yi miki?" Daga nan sai in tuna mata, "Wa ya dafa na bikin 'yarki? Wa ya goya mijinki zuwa bakin titi ranar da ya faɗi?" Abu ɗaya nake roƙo: ranar Juma'a ki fito ki tsaya bayana.

Ba kowa ya karɓe ni ba. Wata ƙawata ta ƙuruciya ko tabarma ba ta shimfiɗa min ba. Ta ce, "Ke da kika je Makka, ki ƙare da yaƙin 'yan daudu? Ki ji tsoron Allah!"

Na ce, "Tsoronsa nake ji. Nonona ya sha. In an tambaye ni ina na bar shi, in ce na dangwala?"

Ta ce, "Allah ya shirye ki." Na ce, "Amin, mu duka." Na mayar da ƙwararta cikin nasu.

Gida na ƙarshe shi ne na yayar mai unguwa, wadda ta goya shi yana yaro, kuma har ya yi furfura ba ya haɗa ido da ita. Da gangan na bar ta sai ranar Alhamis, don in je da wake mai yawa a bayana. Ta saurare ni tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Yanzu in an kore shi, wa zai yi mana funkaso? Waɗannan matan da ko kunu sai ya yi gudaji?" Muka yi dariya. Sai ta daina dariyar ta ce, "Uwarsa ta taɓa yi min jinya. Zan zo."

A unguwarmu mata ba sa shiga zauren mai unguwa in ana shawara. Ranar Juma'ar, ni na shiga. Na durƙusa na gaida shi, mata kuma suka cika ƙofa har haske ya ragu.

Mai unguwa ya ce, "Hajiya, lafiya?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yatsana na zo karɓa. Na bar shi a takardar can ban san abin da ke ciki ba."

Mai takardar ya yi tsalle. "Ai na ce in karanta miki kika ƙi!"

Na ce, "Gaskiya ka faɗa, ɗana. Jahilci ne da girman kai, duka nawa ne. To yanzu karanta min. Ka karanta min wurin da aka rubuta wanda ya cuta."

Ya duba sama, ya duba ƙasa. Ya ce ai kowa ya san halinsu. Na ce, "Halinsa na sani tun kana tsumma. Wanda ya cuta nake tambaya."

Sai muka ji murya daga ƙofa: "Ni ma a ba ni nawa." Wata ta ce, "Da na maigidana, ya aiko ni." Ƙarya take yi, amma mijin yana zaune a ciki bai ƙaryata ta ba. Yayar mai unguwa ta matso gaba. Ta dai tsaya da sandarta tana kallon ƙaninta.

Mai unguwa ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin buzu. Ya ce duk wanda aka cuta ya zo da shaida, ƙofa a buɗe take. Wanda kuma ya taɓa ko da murfin tukunyar mutumin nan, da shi zai yi.

Kada ku ɗauka komai ya dawo yadda yake. Telan ya riga ya tsorata, tun ranar Laraba ya kwashe keken ɗinkinsa ya koma Mando, bai ƙara kwana a unguwar ba. Ɗana ya riƙe ɗakinsa da kaskonsa, amma duk Juma'a sai in gan shi da kwano a ɗaure zai hau mota zuwa wurin telan. Har ɗan nawa ya rasu haka suke. Na ceto masa ɗaki, ban ceto masa zamansa ba, wannan yana cina har yau.

Abin da na koya kuwa, yawancin masu korar mutum ba ƙinsa suke yi ba; ba wanda ya zauna ya tambaye su ne. Kuma tun daga ranar ba na dangwala wa kowace takarda sai mutum biyu da ba sa ga maciji da juna sun karanta min.

Mai unguwa ya rasu, yayarsa ta riga shi. Ƙawata ta tafi ba mu shirya ba, Allah ya jiƙanta. Mai takardar yana nan a Unguwar Rimi, in mun haɗu har ƙasa yake gaida ni. Sai telan, ya tsufa, idonsa ya yi rauni. Duk Sallah yana zuwa daga Mando da ɗinkina, ɗinkin ya karkace, ni kuma in sa. Shi ma Inna yake ce min.