Rigar Firjin Gwaggo Rahab

A unguwarmu a Malumfashi, in aka ce firji, na Gwaggo Rahab ake nufi. Mijinta Yabo ya sayo shi a Funtua shekarar da auduga ta yi masa kyau, kuma bai taɓa zama nata ita kaɗai ba. Zoɓon wance na ciki, allurar kajin wane na ciki, ga kuma allurar ciwon suga ta maƙwabciyarta Hajiya Tasalla, wadda take shigowa kowace safiya ta ɗauka. Gwaggo ba ta da abin alfahari kamar wannan amana. In ka yi mata godiya, sai ta ce ka rufe ƙofar da kyau.

Yabo ya rasu bayan girbi. Gwaggo ba mai kuka a gaban mutane ba ce, sai ta hau keken ɗinki. Ta warware babbar rigar da yake zuwa coci da ita, ta ɗinka wa firjin riga har ƙasa, gaba da baya, ta bar tsaga wajen ƙofa kawai, ta tura shi ya manne da bango. Mun yi dariyarmu a ɓoye, amma ba wanda ya iya ce mata uffan.

Da bazara ta kama, zoɓo ya daina sanyi. Injin kuwa ba ya hutawa.

"Ai yana aiki," in ji Gwaggo. "Ba kwa jin ƙararsa?"

A kwanakin nan Hajiya Tasalla ta fara ramewa, ga ƙishirwa, ga jiri. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ni na gaji da taurin kan Gwaggo, na kira Maitama mai gyara.

Ya sa hannu ciki, ya shafa robar ƙofa, ya murɗa makunnin sanyi, ya kasa kunne. Ya tambayi Gwaggo ko tana kankare ƙanƙara da wuƙa. Harara ce amsar da ta ba shi. Sai ya janyo firjin daga bango, ya ɗaga rigar. Zafi ya bugi fuskarsa.

"Gwaggo, gas ɗinsa na nan, injin ma da sauransa. Ta ƙarafunan bayan nan yake fitar da zafi, su aka toshe." Ya dubi 'yar kwalbar allurar Hajiya, ya rage murya. "Wannan a nuna wa likita. Ba ta son zafi."

Gwaggo ta matso. Da hannunta ta cire rigar, ta ninke ta a hankali, ta ɗauki kwalbar ta shiga maƙwabta. Na bi ta.

"Hajiya, ni na lalata miki magani," ta ce. "In kin samo sabo, ki kai gidan da za a kula miki da shi."

Hajiya ta karɓi kwalbar. A ranar 'ya'yanta suka kai ta asibiti aka sake mata wata.

Washegari da safe sai ga ta, tana dafa bango. Ta yi sallama, ta buɗe firjin, ta ajiye sabuwar kwalba a inda ta saba, ta rufe ƙofar da kyau.

"Maman Salome, yau kam akwai sanyi," ta ce wa Gwaggo.

Ran nan na fara ganin hawayen Gwaggo.